Ranar da sdb Ya Koma sdc

Zakiru mai gyaran ordinater ne, wato kwamfuta, a bakin kasuwar Dakoro, kuma an san shi da taka-tsantsan. Shi ya sa Agali, shugaban wata ƙungiyar makiyaya a Rumbu, ya danƙa masa tsohon disk ɗin ƙungiyar, faifan ajiyarsu, ba tare da fargaba ba. A ciki akwai muryoyin dattawa goma sha ɗaya, manoma da makiyaya, kowa yana faɗin inda burtali ya bi tun kafin gonaki su matse shi. Disk ɗin ya fara ƙugi, ana so a juye shi cikin sabo kafin zaman sulhu da manoma.

Zakiru ya jona su duka biyun a ordinater. Ita na'ura ba ruwanta da tsoho ko sabo, wanda ta fara gani shi take ba harafin gaba. Ta kira tsohon sdb, sabon kuma sdc. Ya rubuta haka a takarda, yana shirin farawa sai wuta ta ɗauke.

Bayan azahar ta dawo. Ya kunna, ya dubi takardarsa, ya ba da umarni a kwashe sdb a zuba a sdc. Har ya ɗauki kofin shayi, sai ya ji tsohon disk yana wani irin kuka da bai yi da safe ba. Ya sake duba sunayen. A wannan karon sabon ne ya riga farkawa, ya karɓe sunan sdb. Minti huɗu ke nan yana shafe muryoyin mutane da wofi.

Ya fizge wayar. Kwana biyu yana tono abin da ya rage, abinci ma ba ya shiga. Murya uku ya ceto, ɗaya a cikinsu ma rabi ce.

Da Agali ya zo, Zakiru ya kasa haɗa ido da shi.

"Baba, na yi ɓarna. Na'urar ta musanya musu suna, ni kuma ban sake dubawa ba."

"Suna? Ƙarhe ma yana sake suna?"

"Yana sakewa, Baba. Akwai lambar da ba ta canzawa a jikin kowane, ita ya kamata in bi. Na sani, ban yi ba."

Agali ya gyara rawaninsa.

"Muryar marigayi Rabo, yayana, tana cikin ukun?"

"Babu ita."

Dattijon ya juya fuska wajen titi. Can ya ce, "Huɗu daga cikin dattawan na da rai. Ɗaya ma ba ya tashi daga shimhiɗa. Kana da abin ɗaukar magana?"

Da hantsi washegari Zakiru ya rufe shago, ya goya Agali a babur, suka kama hanyar Rumbu. Abin ɗaukar maganar yana cikin jakarsa.