Tsayin Tebur

Farkon da Tela ya danna maɓallin zarton lantarkin, sai da ya ja da baya. Abin ya yi tsalle a hannunsa, haƙoran zarton suka gutsiri gefen katakon suka watsa masa gari a gemu. Mutumin da ya yi furfura yana riƙe da allura, yau ga shi tsaye a tsakar gida da ƙarfe mai ihu, wayar wuta ta ratso ta tagar kicin tana jan ƙasa.

"Da hannu biyu, Malam, ai ba almakashi ba ne," in ji Kafinta, maƙwabcinsa da ya ara masa kayan. Yana tsaye a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, ya makara wurin aiki amma ya kasa tafiya. "Ni da ka bar ni na haɗa maka. Ina tsoron ka dawo mini da zartona da yatsanka a liƙe."

"Zan iya."

"Teburin me ma ka ce?"

"Na yankan yadi. Na shago ya tsufa."

Kafinta ya dubi katakan da ya ba shi, tsofaffin da aka sauke daga wani gini, duk gaɓoɓi da ramukan ƙusa, ɗaya ma har da sauran ɓawon ice a gefe. Ya ce Allah ya ba da sa'a ya fita.

Ƙarya Tela ya yi. Teburin shago lafiyarsa ƙalau, yana can ƙura ta rufe shi, domin mai aiki a kansa tana kwance a ɗaki. Tun da suka buɗe shagon, matarsa ce mai yanka, shi ɗinki kawai ya sani. Ita ce za ta dubi mutum sau ɗaya ta faɗi faɗin kafaɗarsa kafin tef ya taɓa shi, shi ya sa yake kiran ta Uwarɗaki, da wasa da farko, daga baya ya bi ta. Sai motar haya ta kife da ita a hanyar sayo yadi, lakar bayanta ta taɓu, aka dawo da ita gida a keken guragu.

Kafin a sallame su, likita ya ja shi gefe ya gaya masa cewa ba za ta ƙara taka ƙasa ba. Tela ya ce to, ya yi godiya, har da tambayar likitan ya iyali. Ya tsaya a barandar asibiti yana jiran kuka ya zo, bai zo ba. Abin da ya lura da shi kawai shi ne an karkata aljihun rigar likitan wajen ɗinki. Ya koma wurinta ya ce an ce sai a hankali, kuma daga ranar bai ƙara komai a kan wannan ba.

Ita kuwa ta kama "a hankali" ta riƙe gam. Duk maganarta da "kafin in miƙe" take farawa. Da aka ce a zuba siminti a gangara matakalar ƙofar ɗaki don keke ya riƙa sauka, ta ce kada a ɓata mata gida saboda abin 'yan kwanaki. Masu kawo ɗinki in sun bugo waya sai ta ce su ajiye yadinsu, kada su kai wa kowa ya lalata, ta kusa dawowa. Abinci kuma a kan tire take ci, ta ɗora shi a cinya, don hannuwan keken ba sa shiga ƙarƙashin teburin falo. Wata rana kofin shayi ya tuntsure a tiren tana hira a waya. Sai da safe, yana canja mata zane, ya ga fatar cinyarta ta tashi ta yi ruwa, faɗin tafin hannu. Ba ta ji ba. Ya wanke, ya shafa magani, ya naɗe. Da azahar, tana barci, ya ɗauki tef ɗinsa ya auna tsayin hannun keken daga ƙasa, ya tafi gidan Kafinta.

Ya ƙi a yi masa ne saboda duk kafintan da ya ji wannan tsayin zai tambayi dalili, shi kuma in ya faɗi dalilin da bakinsa, to ya tabbata ke nan.

Aikin ya wahalar da shi yadda ya kamata. Da allin tela yake ja wa katako layi, da tef mai laushi yake awo, kuma hannunsa ya ƙi yanka a kan layi. Duk inda ya zana sai ya matsa waje kaɗan, ya bar rara, yadda ya ga ana yi wa yadi tsawon rayuwarsa. Da ya zo haɗawa, ba katako biyu da suka yarda da juna. Kafinta ya leƙo da yamma, ya ɗaga ɗaya ya ɗaga ɗaya, dariya ta kama shi har da riƙe bango.

"Wannan rarar fa, ninke ta za ka yi ciki? Ko jira kake a wanke shi ya tsuke?"

"Na ce ko za a buƙaci saki."

"Malam, katako ba ya yin ƙiba." Ya share hawayen dariya, ya nuna masa yadda ake kewaye ƙarƙashin saman teburi da katako huɗu a tsaye, su ne ke riƙe ƙafafu. "In ba ka sa wannan ɗamarar ba, ranar da aka jingina da shi zai baje kamar jakin da ya gaji."

Tela ya yi murmushi don ya san nan ne wurin murmushi. Ya sake yanke komai washegari. Ya koyi riƙe injin huda a miƙe bayan ya karya masa baki, ya koyi cewa sukuru in ya shiga kusa da bakin katako sai ya tsaga shi. Bai ji daɗin koyon ba, bai kuma ji haushin ɓarnar ba. Yana yi ne kawai, kamar mai tauna abinci da mura.

Injin samfefa, mai goge katako ya yi santsi, shi ne ya fi zama da shi. In ya daɗe yana goga, sai karkarwar ta hau tafinsa ta kai gwiwar hannu, yatsunsa su mutu, ya daina sanin inda hannunsa ya ƙare da inda injin ya fara. Ƙarar kuma ta cika gidan, ba wurin magana. Ya gano yana son hakan, domin shirun ɗakin nan ya fi ƙarfinsa: ita tana lissafa abin da za ta yi in ta miƙe, shi yana cewa in sha Allah.

Rannan yana tsakiyar goga aka ɗauke wuta. Injin ya yi gurnani ya mutu, sai ya ji muryarta daga ɗaki, ta dishe.

"Malam. Malam."

Ya shiga da gari har gira. Filon da ke tokare bayanta ya zame, ta karkace gefe guda a gado, ta kasa gyarawa.

"Tun yaushe kike kira?"

"Ban sani ba. Gyara ni kawai."

Ya sa hannuwa ya ɗago ta. Hannuwan ba su dawo daidai ba tukuna, yana ganin su a jikinta amma ba ya jin ɗuminta. Ya san ya kamata kunya ta kama shi, ya nemi kunyar ya rasa, kuma wannan ne abu na farko da ya ɗan ba shi tsoro tun daga asibiti.

"Me kake ta ƙerawa ne haka, ka hana unguwa sakat?"

"Teburin yanka. Kafin ki miƙe."

Ta dube shi ta ɗan jima, sannan ta juya fuska bango.

Ranar da teburin ya tsaya da ƙafafunsa hantsi ne, rana ta cika tsakar gida. Mummuna ne, in za a faɗi gaskiya. Samansa katako uku ne da ba su kai juna faɗi ba, ramukan ƙusa sun yi baƙi, gefen mai ɓawo ya karkace yadda icen ya ga dama. Amma da ya dafa shi ya girgiza, bai motsa ba. Yana tsaye yana tunanin yadda za a yi a shigar da shi ɗaki ba tare da an yi bayani ba, sai ya ji ƙarar taya a bayansa.

Ta turo kanta har bakin ƙofa, tayoyin gaba suna leƙen matakala. Tun dawowarta ba ta taɓa neman fitowa ba.

"Sauko da ni."

"Akwai ƙura, Uwarɗaki."

"Na ga ƙurar. Sauko da ni."

Ya juya keken ya sauke ta da baya, a hankali. Ta kare ido da hannu saboda hasken, ta zagaya teburin da kanta, tana turawa tana tsayawa. Ta shafa samansa, ta sa farce a wani rami.

"Yadin wa za a shimfiɗa a nan? Ai kafin a kai ƙarshe ya ja zare." Ta ɗan ja baya ta ƙare masa kallo daga ƙasa zuwa sama. "Kuma wa zai yi yankan? Teburin yanka a ƙugu yake tsayawa. Wannan ko kai da ba ka da tsawo sai ka sunkuya."

Ya hau kakkaɓe garin katako daga rigarsa.

"Na cin abinci kuma ya fi wannan gajarta."

Ta daidaita keken ta fuskanci gefen teburin, ta tura. Ƙafafunta suka shige, gwiwoyinta suka shige, sai hannuwan keken suka daki ɗamarar da ke ƙarƙashi, ƙwas. Ta ja baya ta sake turawa, suka sake dukan wurin. Tela ya ga kuskurensa a fili: ya auna har zuwa ƙasan saman teburin, ya manta da faɗin katakon da Kafinta ya sa shi ƙarawa. Tana zaune nesa da teburin da kusan kamu guda, daidai tazarar da cokali zai zubar da abin da ke cikinsa.

"Zan iya ɗaga shi," ya ce. "In sa wani abu a ƙarƙashin ƙafafun, na wucin gadi. In kin miƙe sai a cire..."

"Malam."

Ya ɗago ya dube ta.

"Yaushe aka gaya maka?"

Ya dubi zarton da ke ƙasa, ya dubi wayar da ta kanannaɗe. "Kafin a sallame mu."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba, fuskarta ma ba ta canja ba, kamar an gaya mata farashin zare. Wata kaza ta maƙwabta ta sauko daga katanga tana tonon garin katako, dukansu biyu suka bi ta da ido har ta gaji ta tafi.

"Ka bar ni ina ta yi wa mutane alƙawari," ta ce. "Matar mai kantin magani tun yaushe take ajiye da leshinta saboda ni."

"Ban san yadda zan faɗa ba."

"Ai ka faɗa. Kwana da kwanaki kana faɗa, duk unguwa ta ji." Ta miƙa hannu. "Ba ni alli."

Ya ciro shi daga aljihu ya ba ta. Ta sunkuya iya inda bayanta ya yarda, ta dafa hannun keken da ɗan yatsa, ta kai yatsan jikin ɗamarar. Ba ta nemi tef ba. Ta ja layi ɗaya dogo, ta lanƙwasa shi a kowane ƙarshe kamar wuyan riga, ta miƙa masa allin.

"Cire katakon ka yanke nan."

Ya durƙusa ya warware sukurorin da injin huda, ya zaro katakon ya kwantar da shi a kan teburin, wurin layin ya leƙo waje. Ya ɗauko ƙaramin zarton, mai bin lanƙwasa. Ya ɗora bakin zarton, sai hannun ya matsa waje da kansa.

"A kan layin," ta ce.

"Ba ki bar rara ba. In na yanke, shi ke nan."

"Na sani."

Katakon yana rawa, ba abin da zai danne shi da shi. Ta matso da keken ta ɗora tafukanta biyu a ɗaya ƙarshen, ta sauke duk nauyin kafaɗunta a kai. Hannuwan nan ba abin da ya same su, jijiyoyinsu suka tashi. A nan ne idanunsa suka cika da ƙwalla. Baƙin ciki ne, ya zo a makare, kuma ya zo lokacin da yake buƙatar idonsa.

"Ka goge ido tukuna," ta ce, ba ta ɗago ba. "Kada ka ɓata mini layi."

Ya goge da kafaɗar riga, ya danna maɓalli. Zarton ya kama ihu ya shiga cikin allin, a hankali, yana cinye farin layin. Garin katako ya riƙa zubowa ta ƙasa yana sauka a kan ƙafafunta, ya rufe yatsun, ya taru a tsakaninsu. Idonta yana kan bakin zarton, ba ta san yana zuba ba.