Babban Yatsan Rahamatu

Shekarar da bankin da ke bakin tashar Gumel ya ce ya rufe asusun kowa sai ya kawo takardar haraji da shaidar cewa shi ne shi, Rahamatu mai ƙuli-ƙuli ta ji labarin tana tsaka da matsar mai. Kuɗin da ke asusun ba nata ba ne. Ita ce uwar adashen matan unguwarsu, kuma wannan karon ɗaukar A'i ce, wadda za a yi wa ɗanta aiki a asibiti.

Takardar haraji ba ta ba ta wuya ba, yayanta Haladu ya yi ta safa da marwa har ya samo. Abin da ya hana ta sukuni yana hannunta na dama. Da dangwale ta buɗe asusun, don ba ta rubutu, ga shi bara tafasasshen mai ya cinye mata babban yatsa, ya warke sumul kamar bayan cokali.

Matan kuwa, da yake ba a raba su da rakiya, suka biyo ta har ƙofar banki, suka zauna gindin darbejiya. Ɗan sandan da ke gadi ya bi ta da kallo, ta wuce ciki.

Ma'aikaciyar, Christabel, ta tura mata tawada. "Mama, dangwala nan."

Ta dangwala. Baƙin tabo ya fito, ko zane ɗaya babu. Christabel ta kara shi da na tsohon katin buɗe asusun, ta daɗe tana dubawa.

"'Yar nan, wallahi ni ce. Mai ne ya ƙone ni."

"Na yarda, Mama," in ji Christabel, murya ƙasa-ƙasa. "Amma manaja hannu yake dubawa, ba fuska ba. In na kai masa wannan, wancan na ƙofa zai kira. Ki tafi tukuna."

Tsoron ɗan sanda ya fitar da ita, tsoron da ya fi shi yana jiranta a waje. Wa zai yarda uwar adashe ta shiga banki ta fito hannu wofi?

A'i ce ta fara hango ta. Ta miƙe da fara'a, tana kwance bakin zanenta inda za ta ƙulle kuɗin. Rahamatu ta dunƙule yatsan a cikin tafinta.