Littafi 10,403 da Kwalayen Inna

Yayan matata ya ɗauke ni gwajin wata guda a siton kamfaninsa na buga littattafan rubutu. Matata ce ta roƙa, ta ce masa shekara ashirin na yi ina koyar da lissafi. Ba ta faɗa masa yara nawa suka ci jarrabawa ba.

Rana ta uku aka kawo mini aiki. Littafi 10,403 za a zuba a kwali, mai odar kuma ya kafa sharaɗi: kowane kwali adadinsa ɗaya da na ɗan'uwansa, kada a bar ko guda a ƙasa. Na gyara tabarau, na ja kujera kusa da taga. Biyu ba ta shiga, uku ba ta shiga, biyar ko kallonta ban yi ba. Na bi bakwai, sha ɗaya, sha uku, har casa'in da bakwai, kowace da ragowarta. Da na hango ɗari sai na ajiye biro. A aji ma nan muke tsayawa.

Na shiga ofishin Yaya na yi masa bayani a tsaye, kamar ina gaban allo. Na ce lambar nan irin masu taurin kan nan ce, ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta. Ko dai kowane littafi da kwalinsa, ko a nemo kwali mai girman ɗaki. Shawarata a cire uku, in kai wa yara gida.

Har ya ɗaga waya zai ba mai odar haƙuri, sai Inna mai naɗe kaya ta leƙo, salatif a wuyan hannu, tana tambaya ko a fara lodi.

"Lodin me, Inna?" in ji Yaya.

"Ai mun gama zuba littattafan tun ɗazu. Kwali ɗari da uku."

Na tambaye ta nawa-nawa ta zuba. Ta ce ɗari da ɗaya. Wai sababbin kwalayen nan in ka sa ɗari cif sai littattafan su yi ta motsi, dole ka cusa guda su zauna. Ko ɗaya bai saura ba.

Na ninka a bayan takardata, ya fita daidai. Lamba ɗaya tak ta rage mini ban gwada ba.

Yaya ya daɗe yana kallona, ina jin yana auna abin da zai gaya wa ƙanwarsa ne. Daga ƙarshe ya ce aikin sito ya yi wa mai ilimi irina kaɗan, amma Inna na neman mai riƙe mata bakin kwali in za ta liƙe.

Gobe ƙarfe bakwai zan fara. Ta ce in zo da almakashina, ba ta ba da aron nata.