Ƙauyen Mista Ottmar

"Rafin daga arewa yake gangarowa," in ji tsohon, yana jan layi da yatsa a kan bargon da ya rufe cinyarsa. "Nan coci. Nan injin niƙa. Kina gani?"

"Ina gani," Zalika ta ce, idonta na kan kwano. "Buɗe baki."

Ta tura masa cokalin kunu. Rabi ya shiga, rabi ya biyo haɓa. Ta goge da tsumma, ta ja ɗan tsaki.

Ƙofarta da tasa suna kallon juna a hawa na biyar na wani tsohon gini a Highbridge, wata unguwa ta Bronx a Amurka. Ita 'yar zangon Kumasi ce, aikinta kula da tsofaffin masu hali a Manhattan. Shi kuwa Mista Ottmar tsohon mai gasa burodi ne, Baturen da ya rage a ginin bayan sauran sun kwashe kayansu sun gudu. Lokacin da ita da mijinta Kassim suka tare, da toshe hanci ya tarbe su. In ta soya kifi ya buga bango da sandar tsintsiya. In ta gaishe shi ya kalli rufi. Sai da matarsa ta mutu, ya rasa kunnen da zai saurare shi, sannan ya gano ashe maƙwabciyarsa tana jin Turanci.

Daga nan ta shiga uku. Duk inda ya ritsa ta, a bakin akwatin wasiƙu ko a kan matakala tana haki da kayan cefane, sai ya ɗauko labarin garinsu, Birkenrode. Ƙauye ne a tsakiyar Jamus, tsakanin rafi da tudu. Wai wani limamin coci ne ya kafa shi tun kafin a san Amurka. Wai sojojin Suwidin sun ƙone shi, annoba ta cinye rabin mutanensa, suka sake gini. Bayan yaƙin duniya na biyu aka raba ƙasar biyu, iyaka ta bi ta cikin rafin, ƙauyen ya faɗa gabas. Wata safiya sojoji suka ɗora danginsa a mota, shi ya tsallake ruwa ya tsere. Wai ruwan Bronx bai kai na rijiyarsu ba. Itatuwan Bronx ciyawa ne.

"Gida nawa ne a garin naku?" ta taɓa tambayarsa.

"Arba'in," ya ce, yana ɗaga ƙirji.

Ta shiga gida tana dariya har da riƙe ciki. "Kassim, ka ji oburonin nan, Baturen maƙwabcinmu? Garin da bai kai layin masu barkono a kasuwar Kumasi ba, shi ake cika mana kunne da shi. Mutumin da ya ce mu daga daji muka fito!"

Da katangar Berlin ta faɗi, suka ga mutane a talabijin suna rawa a kanta, Zalika ta yi ta jiransa a matakala.

"To, mai gari, hanya ta buɗe. Yaushe tafiya?"

"Da bazara," ya ce.

Bazara ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Duk haɗuwa sai ta tambaya, da murmushin da ta san yana masa ciwo. Sannan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. 'Yarsa Renate tana New Jersey, nan da nan a mota, amma sai dai waya. Zalika ta fara kai masa abinci kafin ta fita aiki. Da Kassim ya ce Allah ya ba ta lada, ta taɓe baki.

"Ba don shi ba ne. Kada ya mutu a ciki wari ya shigo mini ɗaki."

Yau ma ga shi yana zane a kan bargo. Yatsan ya haura sama da coci, ya tsaya.

"Nan tudun yake. Tudun..." Ya ƙura wa bargon ido. "Yana da suna. Muna hawa mu hango ƙetare. Mene ne sunan?"

Ta san sunan. Ta ji shi ya fi sau ɗari. Ta ci gaba da juya cokali a kwano, tana kallon idonsa yana cika da tsoro. Ta tuna sandar tsintsiya. Ta tuna hancin nan da ake toshewa. Ta bar shi yana lalube, yana kallon bango, yana kallonta, har hawaye ya gangaro ta gefen fuskar da ya mutu.

"Tudun Hankaka," ta ce a ƙarshe. "Gidan maƙeri na gindinsa. Bayansa gonar dankalin babanka. Ka shanye, zan makara."

"Tudun Hankaka," ya maimaita, ya lumshe ido. Ko godiya babu. Ba ta ma sa rai ba.

Ranar Lahadi da hantsi ta shiga da kwano, ta tarar da shi kan kujera, kai a langaɓe, hannun ya yi sanyi. Ta ajiye kwanon, ta ce, "Inna lillahi," ta rufe masa baki, ta kira Kassim ya buga wa 'yan sanda.

Renate ta iso bayan kwana biyu da babbar rigar sanyi da damin baƙaƙen ledoji. Ta bar motarta a kunne a ƙasa, mijinta na ciki ya kulle ƙofofi. Tana ta zuba kaya a leda da yatsu biyu kamar mai kwashe kashin kare.

"Ke ce matar da ke ba shi abinci? An gode."

Zalika ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. "Can garinsu za ku kai shi?"

"Wane gari?"

"Birkenrode."

Renate ta yi 'yar dariya ta hanci. "Ke ma ya dame ki da shi? Babu wani Birkenrode. Tun shekarun saba'in sojojin gabas suka rushe shi saboda ya yi kusa da iyaka. Coci, gidaje, har maƙabarta, duk suka baje. Ciyawa ce kawai a wurin."

"Ya sani?"

"Shi ya gaya mana. Ƙanensa ya buga masa waya a shekarar." Ta ɗaure bakin leda. "Gobe za a ƙona gawarsa. Ya fi sauƙi."

Zalika ta ƙare mata kallo, daga gyararren gashi har dogon takalmi, ta ja tsakin da ya sa matar ta ɗago kai. Ta koma ɗakinta ta banko ƙofa.

Kassim yana shirin fita da tasi. Da ya ji labari ya girgiza kai. "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

"Rufe mini baki da karin magana. Tsohon banza! Ya bar ni ina ce masa yaushe tafiya, yaushe tafiya, yana ce mini da bazara. Ba shi da bakin faɗa? Ita kuma wannan, ubanta guda, sai ka ce shara."

Kassim ya ɗauki makulli ya fita.

Washegari da safe ta sauko za ta kama jirgin ƙasa. An jibge ledojin a bakin titi, wata ta yage. A gefe wani ya jera takalman tsohon, baƙaƙe, sun sha gogewa, igiyoyinsu a ɗaure. Dusar ƙanƙara na sauka a hankali, ta fara taruwa a cikinsu.