Ranar Ruwan Baba Sunusi

Duk wanda ya san Ja'afar ɗan Malam Habu a Tiga ya san aikin soja yake so, don bai bar kunnen kowa ya huta da zancen ba. Da an idar da sallar asuba sai ka gan shi a hanyar dam yana sheƙa gudu, gumi sharkaf, masunta daga bakin ruwa suna masa tsiya: "Kofur! Wa ya biyo ka ne?" Shi ko a jikinsa.

Ba kuma ɗokin kaki ba ne kawai irin na samari. Wata shekara ya raka innarsa biki Doguwa, suna tsakiyar dajin Falgore mota ta mutu, a lokacin da kowa ke tsoron hanyar. Mata har sun fara salati da kuka, sai ga sojoji 'yan sintiri. Suka tsaya a kansu cikin rana har direba ya gyara motar, ɗayansu ma ya miƙa wa wata mai goyo gorar ruwansa. Tun daga ranar Ja'afar ya ce shi ma wannan aikin zai yi.

Bana ya nema, aka kira shi tantancewa a Kano. Innarsa Tani ta yi ta jan ƙafa, ta ce ita ba ta haifi ɗa don a kai shi daji ba. Malam Habu kuwa, mutumin da ko kasuwar Ƙofa Ja'afar zai je sai ya sha tambaya, nan take ya sa albarka har da murmushi. Abin ya ba Ja'afar mamaki, amma wa zai tsaya bincike a kan alheri? Sai kuma aka yi dace Bala, ɗan wan Malam Habu da ya rasu, ya zo hutu daga bariki. Kofur ne mai igiya biyu, ga 'yar motarsa. Ya ce ranar da zai koma shi zai sauke Ja'afar a Kano.

To, ga abin da ya ɓata komai: ruwa.

Lambun Malam Habu da na Baba Sunusi magudana ɗaya ke ba su ruwa, na Malam Habu a sama, na tsohon a ƙasa. Tun da aka fara noman rani a wurin, ƙa'idar guda ce, yau naka gobe nawa. Ranar na sama, sai ya sa buhun yashi ya datse magudanar, ruwa ya juya cikin fangalinsa. Ranar na ƙasa, sai a janye buhun ruwa ya wuce. Yaron goye ma ya san haka. Sai bana Malam Habu ya ƙara faɗin lambu ya zuba albasa, ruwan yini guda ya daina isarsa. Maimakon ya je ya roƙi maƙwabcinsa, sai kawai ya riƙa mantawa da buhun a ranar da ba tasa ba. Mantuwa fa, in ji shi! Baba Sunusi ya yi magana, ya sake yi, tumatirinsa na ta yaushi. Ran nan da ranarsa ta zo ya sa hannu ya janye buhun da kansa.

Malam Habu ya shigo gida yana huci, ya tarar da Bala da Ja'afar suna karin kumallo. "Bala, kana garin nan za a ci mutuncin baffanka? Sunusi ya shiga hurumina ya taɓa mini buhu!"

"Baba, ai yau ranarsa ce," in ji Ja'afar.

"Rufe mini baki! Da kai nake?" Ya juya wajen Bala. "Sa kayanka, mu je."

Bala ya shiga ɗaki ya fito cikin kaki, takalmi na ƙyalli. Gaskiya ɗaya ce, da suka bi ta cikin gari mutane na darewa suna ba su hanya, Ja'afar sai da ya ji kansa ya kumbura. Har kafaɗa ya riƙa ɗagawa yana daidaita takunsa da na yayansa. A zatonsa magana za a yi, tsoho ya ga kaki ya ɗan ji nauyi, a rabu lafiya.

Suka tarar da Baba Sunusi a cikin fangali, wando a naɗe zuwa gwiwa, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Ya ɗago, gemu fari fat, fuskarsa ta washe. "A'a, Bala ne? Saukar yaushe? Sannu da zuwa, ɗan nan."

Ko sallama Bala bai yi ba. "Wa kake ce wa ɗan nan? Ajiye fartanyar nan!"

Kai, abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗi. Ya sa tsohon ya kinkimi jiƙaƙƙen buhun yashin ya mayar inda yake, yana nishi, ƙafafunsa na karkarwa. Da ya gama ya ce masa ya kama kunne ya yi tsallen kwaɗo. Mutumin da ko ruku'u sai ya dafa gwiwa yake tasowa! Ya gwada, ya faɗi. Ya sake gwadawa, ya kife cikin magudana. Bala ya ce to tun da ruwa yake so, ya kwanta a ciki ya yi birgima ya sha ya ƙoshi. Baba Sunusi ya yi ta juyi cikin taɓo, gemunsa ya koma baƙi, mazariyar wandonsa ta kwance, yana riƙe da wandon da hannu ɗaya yana cewa, "Ka yi wa Allah, ka yi wa Annabi."

Masu lambu suka taru suna kallo. Wasu 'yan iskan samari har da ɗaga waya suna ɗauka suna ƙyalƙyala dariya. Malam Habu kuwa yana tsaye a kan kunya, carbi a hannu, yana cewa, "Haba Bala, a yi haƙuri mana," alhali bakinsa ya ƙi rufuwa don daɗi. Tir! Wannan carbin ya fi komai tayar wa Ja'afar da zuciya.

Da ƙyar Ja'afar ya iya buɗe baki. "Yaya Bala, ya isa haka, don Allah."

Bala ya dube shi ya yi dariya. "Buɗe ido ka koya, ƙanena. Farar hula ba sa jin magana sai da haka."

Iyakar abin da Ja'afar ya iya ke nan. Ya tsaya kamar an dasa shi har aka gama, sannan ya bi su gida a baya, yana jin ƙyamar su, yana jin ƙyamar kansa fiye da tasu.

A gida Malam Habu ya sa aka yanka zakara. Tani ta dafa don ba yadda ta iya, ta dire kwanon a gabansu da ƙarfi, ta ja tsaki ta koma madafi. Bala ya zauna yana tauna ƙashi, maiƙo har haɓa, yana ba da labarin yadda tsohon ya kife. Malam Habu ya tura wa Ja'afar cinya.

"Ci mana, sojan gobe. Ka ga amfanin abin ko? Shi Bala hutunsa kaɗan ne, kuma ɗan wa ba kamar ɗan cikinka ba. In ka shiga kai, shi ke nan na huta. Akwai maganar iyakar gonarmu da su Mustapha ma, na ajiye maka ita sai ka dawo."

Ashe albarkar ke nan! Ashe murmushin ke nan! Ja'afar ya dubi cinyar kazar. Ya tsame hannu ya fita.

Ya yini ya kwana yana saƙa da warwara. Ai ba duk soja ne Bala ba, ya gani da idonsa a Falgore. Zai iya tafiya ya zama irin waɗancan, ya tsare hanya, ya ba mai goyo ruwa. Wa zai hana shi? Amma hutu fa? Dole wata rana ya dawo Tiga, dole Malam Habu ya shigo yana huci ya ce, "Sa kayanka, mu je." Shi da tun da aka haife shi bai taɓa ce wa ubansa a'a ba, shi da ya tsaya yana kallo ana birgima da tsoho bai iya ko tare shi ba, ranar ce zai iya? Sai kuma ya tuna gudun asuba, da tsiyar masunta, da shekarun da ya yi yana jiran wannan kiran. In ya bari ya wuce, me zai zama? Mai ban ruwan albasa har tsufa. Ya kasa tsayar da magana ɗaya, ya dai haɗa kayansa a jaka.

Ranar tafiya ta faɗo a ranar ruwan Baba Sunusi. Bala na goge mota a ƙofar gida, Ja'afar ya ce zai je ya dawo yanzu. Niyyarsa ya ba tsohon haƙuri, ko ya tafi da sauƙin nauyi a zuciya.

Da ya isa lambun, buhu na nan daram a magudana, ruwa na ta kwarara cikin albasar Malam Habu har ya yi ambaliya. A ƙasa kuwa ga Baba Sunusi da tsohon bokiti, yana kwarfar ɗan ruwan da ya kwanta a rami yana ɗingisawa yana zuba wa tumatir gindi-gindi. Ganyen duk ya lanƙwashe.

"Salamu alaikum, Baba."

Ja'afar ya fara rusunawa zai gaishe shi. Kafin gwiwarsa ta kai ƙasa, tsohon ya saki bokitin, ya fizge hular kansa, ya zube a tsugune a gabansa.

"Ranka ya daɗe, yallaɓai. Wallahi ban taɓa buhun ba. Ga shi can, ka duba."

"Subhanallahi! Baba, ni ne fa, Ja'afar!"

"Na sani, ranka ya daɗe. An ce kai ma yau za ka tafi. Allah ya ba da sa'a. In ka dawo ka tuna ban taɓa ba."

Ja'afar ya miƙa hannu zai ɗaga shi. Tsohon ya yi wuf ya kare kansa da hannu biyu, ya runtse ido yana jiran duka.

Ko kakin Ja'afar bai sa ba fa, ko ƙofar tantancewar bai gani ba, jallabiya ce a jikinsa da silifa. Sa'an kakansa ne tsugune a taɓo, kai ba hula, yana kare fuska daga gare shi. Hawaye suka zubo masa, na takaici da kunya. Ya juya ya faɗa cikin magudanar, ya cakumi buhun ya wurgar da shi kan kunya. Ruwa ya ɓalle ya yi ƙasa.

"Wayyo, ka rufa mini asiri ka mayar!" in ji Baba Sunusi. "Za su ce ni ne!"

Sai ga ƙarar hon daga bakin hanya. Bala ya gaji da jira, ya biyo sawu da jakar Ja'afar a mota, Malam Habu na gidan gaba. Suka fito. Malam Habu ya dubi buhun, ya dubi ruwan da ke wucewa, fuskarsa ta haɗe.

"Wa ya janye?"

"Ni ne, Baba."

"Kai? Mayar da shi, ka zo ka shiga mota, rana na yi."

Ja'afar ya rusuna a cikin ruwan, don uba uba ne. "Ka gafarce ni, Baba. Yau ranar Baba Sunusi ce. Gobe da sassafe ni da kaina zan mayar. Kano kuma ba ni zuwa."

"Ba ka me?"

"Na fasa. In na sa kakin nan, ko dai in saɓa maka duk ranar da ka kira ni, ko in zama abin da na gani shekaranjiya. Gara in saɓa maka yau sau ɗaya, ba kaki a jikina."

Malam Habu ya yi ta zazzaga masifa, ya kira shi shashasha, ya kira shi asararre, ya ce Tani ce ta lalata shi. Bala ya taho har bakin magudana yana muzurai, ya dubi ƙaninsa sama da ƙasa. Amma a taɓa ɗan baffa a gaban baffa, wannan kuma wata magana ce. Ya tofar da yawu. "Dama ba za ka iya ba. Ragon banza." Ya ciro jakar ya jefar a ƙasa, ya ja motarsa ya tafi. Malam Habu ya bi hanyar gida a ƙafa yana ta sababi shi kaɗai.

Ja'afar ya bi motar da ido har ta sha kwana. Ya so aikin nan, wallahi ya so shi, kuma ya san abin zai daɗe yana cin ransa. Ya share fuska da hannun riga, ya ɗauki fartanyar tsohon ya shiga buɗe wa ruwa hanya, fangali bayan fangali.

Har la'asar suna ban ruwa tare. Ja'afar ya ba shi haƙuri ya fi a ƙirga, ya rantse masa ya fasa tafiya, tsohon yana ta cewa ba komai, ba komai. Amma duk sa'ad da Ja'afar ya miƙe tsaye don ya hutar da bayansa, sai Baba Sunusi ya ja da baya ya cire hula.