Kwalekwalen da Ba a Jiƙa Ba

Kwalekwalen katako in ya yi hunturu a rumfa, bushewa yake yi har allunansa su buɗe baki. Kafin a hau shi sai an nutsa shi a ruwa ya sha ya kumbura. Kowa a bakin tafkin Iseo na Italiya ya san haka, Ornella ma ta sani. Ta kuma san bana aikin ƙanenta Fulvio ne.

Ita ta riga kowa zuwa gidan hutunsu, kamar kullum. Ta share, ta shanya katifu, ta ga kwalekwalen a kife ta ɗauke kai. Ta gaji da zama baiwar gida, shi kuwa ya zo daga Milano da tabarau a goshi a ce ɗan Baba ya iso. Bana so take ya ji kunya a gaban Baban.

Mahaifinsu Ermanno abu ɗaya yake zuwa yi. Ranar bikin tsakiyar Agusta yakan tuƙa zuwa tsakiyar tafki, inda ya fara neman auren marigayiya mahaifiyarsu, ya sakar mata furanni. Bana da ƙyar aka sauko da shi daga mota, kuma kowa ya san badi ba lallai ba ne.

Fulvio ya iso ana jibi bikin. Ya leƙa rumfar, ya ga abin da ya gani, shi ma ya yi gum. A ransa, wadda ta riga zuwa ita ke da aiki. Suka yi ta miƙa wa juna taliya da gishiri a tebur, ba mai kallon wani.

Ranar bikin tsoho ya sa farar riga, ya rungume furanninsa. Aka tura kwalekwalen, aka zaunar da shi. Ko sandar tuƙi bai kama ba ruwa ya fara tsattsafowa ta ko'ina, har ya rufe masa takalma.

"Sannu da ƙoƙari, mai gida," in ji Ornella. "Aiki ɗaya tak aka ba ka."

"Ke da kika tare a nan tun tuni, hannunki ne ya karye?"

"Bara wa ya jiƙa? Bara waccan fa?"

"To, ki rubuta a goshinki. Kin gan shi a bushe kika yi shiru, muguwa kawai."

"Kai ma ka gani, malalaci."

Sai a nan suka tuna da wanda ke zaune cikin ruwan. Ermanno ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ashe duk kun gani," ya ce.

Fulvio ya ce bari ya aro na maƙwabta mai inji. Tsoho ya girgiza kai, ya ce a wannan ya ɗauki mahaifiyarsu. Ya ƙi hannun Ornella, ya ƙi na Fulvio, ya yunƙura ya wurga furannin iya ƙarfinsa. Ba su yi nisa ba.

Ornella ta samu abin da ta nema, ga Fulvio can kai a sunkuye. Amma ita sai ta tsaya tana kallon ruwa yana turo furannin uwarta ɗaya ɗaya zuwa ƙafafunta.