Ranar da Hedimasta Ya Hau Jif

Ranar da na karɓo lasin tuƙi, na tarar da kakannina biyu a bakin gareji, kowa da makulli a hannu.

Kakana, wanda har yau ake kira Hedimasta, yana da baƙar mota doguwa da ta girmi babana, mai kujerun fata. Kakata kuwa, Likita, shekara talatin ta yi tana bin garken shanu da allura a cikin wata koriyar jif mai rufin tamfol, wadda sai an ɗaga ƙofarta kafin ta rufu.

"Zo ki fara da mota, jikalle," in ji Hedimasta. "Waccan ai injin niƙa ne aka sa wa taya."

"Taka fa? Falo ne mai tafiya," in ji Likita. "Ko kwata ta gani sai ta tsaya ta yi sallama."

Na ce duka zan tuƙa, amma kowa sai ya shiga ta ɗan'uwansa. Hedimasta bai taɓa sa ƙafa a jif ɗin ba, amma ya ce a je.

Da baƙar muka fara. Kai! Sitiyari kamar a juya da yatsa, inji ko tari babu. Masu shaguna suna ɗago mana hannu, ni kuwa sai washe baki nake.

"Kin ji wani abu?" in ji Hedimasta.

"A'a, Kaka."

"To, ita ce mota."

Muka waiga, Likita har ta fara gyangyaɗi. Ta rantse addu'a take.

Jif kuwa tun daga tayarwa ta nuna hali. Ta yi gurnani, kujera ta hau rawa, sitiyari sai da ƙarfin kafaɗa. Likita ta kai mu bayan gari, gindin wani tudu da ruwa ya zaizaye hanyarsa.

"Ja ƙaramin giyan nan baya," ta ce. "Saki kuloci a hankali, kada ki ji tsoronta."

Jif ta kama hawa kamar akuya, dutse bayan dutse. Hedimasta ya riƙe ƙarfen rufi da hannu biyu, yana salati. Can tsakiya sai na ji muryarsa ta sauya.

"Za ta hau! Wallahi za ta hau! Ba ta wuta, yarinya!"

Muka kai sama ina ihu, yana ihu, tabaransa a karkace. Ya sauko ya tsaya yana kallon gari, har ya hango rufin makarantar da ya shugabanta.

"Wato nan kike zuwa ki bar ni da jan biro?" ya ce wa Likita.

"Sau nawa na ce ka zo?"

Sai ya miƙo mini hannu in ba shi makulli, wai shi zai sauko da mu. Sau uku ta mutu masa. Likita tana gefe tana faɗa masa abin yi, yana cewa "to" kamar ɗan aji ɗaya.

Tun daga ranar, duk Asabar su biyu suke ficewa a jif, su dawo da laka har gwiwa suna musun wanda ya fi iya shan kwana da mota. Baƙar motar kuma aka bar mini, da sharaɗin kada a ci gyaɗa a ciki.